Kodo: Yadda Hanya Ta Ƙera Kiɗan Gangunan Tsibirin Sado

Duk wanda ya taɓa zama a zauren da makaɗan Kodo, ƙungiyar masu kaɗa ganga ta ƙasar Japan, suke wasa zai gaya maka cewa babbar gangarsu a ƙirji ake fara jin ta kafin ta iso kunne. Akan turo ta tsakiyar dandamali a kan wani keken katako da aka jera wa fitilun takarda, faɗin fuskarta ya haura mita ɗaya, nauyinta kuma ya tasam ma kilo 400. Sai mutum ɗaya ya hau ya tsaya a gabanta, ya ba 'yan kallo baya, babu komai a jikinsa in ban da farin bante da ɗan ƙyallen da ya ɗaura a goshi. Yakan ɗaga sanduna biyu masu kaurin damtsen yaro, ya daɗe a haka har zauren ya yi tsit, sannan ya sauke bugun farko. Daga nan kuma, na tsawon mintuna masu yawa, abin da mai kallo zai gani shi ne bayan mutum yana tsatsafar da gumi, jijiyoyin kafaɗa suna miƙewa suna komawa, ƙafafu kuwa a kafe kamar an dasa su.

Mafi yawan waɗanda suka ga wannan a Turai ko Amurka sukan fita da yaƙinin cewa sun kalli al'adar da ta shekara dubu ba ta sauya ba, alhali ba haka abin yake ba. Ganga dai tsohuwa ce a Japan, amma kaɗa ta a ƙungiya a kan dandamali bai kai shekara 80 ba. Banten nan a Paris aka ba da shawarar ɗaura shi don wasa, itacen da ake sassaƙa irin wannan ƙatuwar ganga kuwa daga dazuzzukan Afirka ta Tsakiya yake fitowa. Wanda yake son ya fahimci Kodo sai ya riƙe abu biyu a lokaci guda: tsibirin Sado da suke zaune a kai, da hanyar da suke ƙarar da kashi biyu cikin uku na shekararsu a kanta, domin a kan hanyar nan ce kiɗan ya ɗauki siffar da aka san shi da ita yau.

Kalmar taiko a harshen Japananci ganga kawai take nufi. A yankin Gunma an tono wani mutum-mutumin yumɓu na ƙarni na 6 rataye da ganga, wanda ke nuna daɗewarta a ƙasar. Tsawon ƙarnoni aikinta sananne ne: ana buga ta a wuraren bautar Shinto da na Buddha, a fagen fama don isar da umarni, a wasannin kwaikwayon gargajiya na Noh da Kabuki, da kuma bukukuwan ƙauye na roƙon ruwa da na kaka. A duk waɗannan wurare rakiya ganga take yi, ko ga mai rawa, ko ga mai addu'a, ko ga jerin gwano, kuma yawanci mutum ɗaya ko biyu ne suke kaɗa ta. Ba a saba ganin mutum ya biya kuɗi ya zauna don ya saurari ganga ita kaɗai ba.

Wanda ya sauya wannan wani makaɗin jaz ne mai suna Daihachi Oguchi, mutumin yankin Suwa a lardin Nagano. A 1951 aka kawo masa wata tsohuwar takardar kiɗan wurin bauta don ya farfaɗo da shi, da ya gwada sai ya ji kiɗan ya yi masa salam, bugu ɗaya ake ta maimaitawa. Sai ya yi abin da sana'arsa ta koya masa: ya tara ganguna manya da ƙanana kamar yadda makaɗin jaz yake jera su a gabansa, amma maimakon mutum ɗaya ya haɗa su duka, sai ya ba kowace ganga mai ita. Ƙarama tana riƙe da lokaci, matsakaita suna ɗauke da jigon kiɗan, babba tana ba shi gindi. Wannan tsari shi ake kira kumi-daiko, ƙungiyar da ya kafa kuma Osuwa Daiko. Gasar Olamfik ta Tokyo a 1964 da baje kolin duniya na Osaka a 1970 sun nuna wa miliyoyin mutane sabon salon, a daidai lokacin da matasa suke kwarara daga ƙauyuka zuwa masana'antun birane, ƙasar kuma ta fara jin kewar abin da take bari a baya.

Sado yana cikin Tekun Japan, daura da birnin Niigata, tafiyar awa biyu da rabi a jirgin fito. Girmansa ya kai murabba'in kilomita 855. A tarihi wuri ne da mahukunta suke tura wanda suke son a manta da shi: an kai Sarki Juntoku can a 1221, an kai malamin addinin Buddha Nichiren a 1271, an kai Zeami, wanda ya tsara wasan Noh, a 1434. Da aka gano zinariya a 1601 sai tsibirin ya cika da ma'aikata da 'yan kasuwa, jiragen fatauci suna yada zango a tashar Ogi. Waɗannan baƙi, na dole da na neman arziki, sun bar wa ƙauyukan Sado tarin wasanni da ya fi ƙarfin girman wurin, har yau akwai dandamalin Noh sama da 30 a tsibirin. Daga cikin wasannin akwai ondeko, inda mai rawa yake sanya fuskar dodo, ganga tana bin sa gida-gida don korar sharri da roƙon albarkar noma. Sai dai bayan yaƙin duniya na biyu mutane suka fara ficewa. A 1950 mazauna tsibirin sun kai kusan 125,000, yau kuwa suna wajen 50,000, kuma tsofaffi sun yi yawa a cikinsu.

Wannan zaizayewa ce ta dami wani mutum mai suna Tagayasu Den, wanda ya tasirantu da masanin al'adun karkara Tsuneichi Miyamoto. A 1970 ya shirya wani taron bazara a Sado, ya gayyaci matasa daga birane, a shekarar da ta biyo baya kuma kaɗan daga cikinsu suka dawo suka zauna tare da sunan Ondekoza, wato ƙungiyar gangar dodo. Burin Den tun farko ba kiɗa ba ne. Makarantar sana'o'in hannu yake son ginawa a tsibirin, dabarar da ya yanke ta samun kuɗin kuwa ita ce a zaga duniya da ganga. Ke nan tun kafin waɗannan matasa su iya riƙe sanda, an riga an yanke cewa matafiya ne. Galibinsu ba 'yan Sado ba ne, ba su kuma gaji kiɗa ba. Eitetsu Hayashi, wanda daga baya ya zama fitaccen mai kaɗa babbar ganga, ɗalibin zane-zane ne ɗan shekara 19 lokacin da ya shigo.

Den ya ɗora su a kan wata irin rayuwa mai tsanani. Ya yi imani cewa gudu da kiɗa abu ɗaya ne, don haka kullum da asuba sai an yi gudun kilomitoci masu yawa, ko ana ruwa ko ana dusar ƙanƙara, ba taba, ba giya, ba albashin kirki. Suka shafe shekaru suna zuwa garuruwa suna ɗaukar kiɗa daga bakin masu shi, suna dawowa suna gyara shi don dandamali. A watan Afrilun 1975 suka gabatar da kansu ga duniya ta hanyar da har yau ake ba da labarinta: suka shiga gudun fanfalaki na Boston, kilomita 42, da suka iso ƙarshe kuma, maimakon su zube a ƙasa kamar kowa, sai suka hau kan babbar ganga suka kama kiɗa. A wannan shekarar ce suka yi wasa a zauren mai zanen tufafi Pierre Cardin a Paris, inda ya ba da shawarar mai babbar ganga ya fito da bante kawai, irin wanda maza suke ɗaurawa a wasu bukukuwan Japan. 'Yan kallo suka yi na'am, abin ya zauna, har ya zama yau mutane da dama ba sa iya tuna taiko ba tare da wannan siffa ba. A 1976 kuma jagoran makaɗa Seiji Ozawa ya haɗa su da babbar ƙungiyar kiɗan Boston, suka kaɗa abin da mawallafin kiɗan zamani Maki Ishii ya rubuta musu. Cikin shekara biyu, wasan guje-guje na Amurka da idon tela na Faransa da alƙalamin mawallafin da ya yi karatu a Jamus duk sun sa hannu a abin da ake ɗauka tsantsar gargajiya ne.

Zamansu da Den bai ɗore ba. Saɓani ya yi tsanani tsakaninsa da makaɗan, musamman kan yadda ya karkata ga shirya fim da kuma yadda yake yanke hukunci shi kaɗai, har ya bar tsibirin da sunan ƙungiyar. Ondekoza ta ci gaba da sababbin mutane a wani wurin, kuma tsakanin 1990 da 1993 'yan ƙungiyar suka kewaye Amurka da gudu, kusan kilomita 15,000, suna tsayawa suna wasa a hanya. Waɗanda suka rage a Sado suka sake lale a 1981 ƙarƙashin jagorancin Toshio Kawauchi, suka raɗa wa kansu Kodo, suka yi fitowar farko a bikin fasaha na Berlin a wannan shekarar. Sunan yana da fuska biyu: a furuci yana nufin bugun zuciya, a rubuce kuma haruffansa biyu suna nufin ganga da yaro, wato 'ya'yan ganga. Kawauchi ne ya tsara mafarkin gina musu ƙauye nasu na kansu a yankin Ogi, amma ya rasu a wani hatsari a Filifin a 1987, shekara ɗaya kafin a buɗe shi.

Ƙofar shiga Kodo guda ɗaya ce, kuma ƙunci gare ta. Mai son shiga sai ya yi shekara biyu a cibiyar koyo da ke Kakinoura, wata tsohuwar makarantar katako da aka rufe saboda ƙarancin yara, a kan tudu mai kallon teku. Ana tashi wajen ƙarfe biyar na asuba, a yi gudu, a dawo a goge daɓen katako da tsumma a durƙushe, a dafa abinci bi da bi. Babu wayar hannu, babu intanet, babu giya, babu taba, babu soyayya. Mai kewar gida sai ya ɗauki takarda ya rubuta wasiƙa. Kowa da hannunsa yake feƙe sandunan kiɗansa, har da tsinken cin abincinsa, kuma da hannun da bai saba da shi ba yake cin abincin, wanda ga yawancinsu hagu ke nan, domin a gaban ganga ba a yarda hannu ɗaya ya fi ɗaya ba. Ban da ganga suna koyon sarewa da waƙa da rawa da wasan barkwancin gargajiya na Kyogen da ladabin haɗa shayi, suna kuma noman shinkafa a gonakin da ke kan gangaren tudu, tun daga dashe har yanka. Hunturun Sado ba wasa ba ne, iska tana kaɗowa kai tsaye daga teku, tsohon ginin kuma ba ya riƙe ɗumi.

Kiɗan kansa da baki ake fara koyonsa. Kowane bugu yana da sunansa: don shi ne bugu mai nauyi a tsakiyar fata, doko biyu ne a jere cikin sauri, tsu mai taushi ne, ka a gefen itacen ake buga shi, su kuwa shiru ne, amma shirun da dole a furta shi don kada a ci masa wuri. Ɗalibi zai rera kiɗan gaba ɗaya da bakinsa har ya zauna kafin a bar shi ya kai sanda ga fata. Makaɗin da ya tashi yana jin take a matsayin magana ba zai ga baƙon abu a nan ba. Wannan shiru da ake ƙirgawa, wanda Japanawa suke kira ma, shi ne abin da ya fi wuyar koyo, kuma shi ne yake bambanta gwani da mai ƙarfin damtse kawai.

Bayan shekara biyun sai a tace. Kaɗan ake ɗauka, su ma a matsayin 'yan gwaji na shekara guda a cikin ayari, kafin a tabbatar da su. Sauran kuwa sai su haɗa kayansu su hau jirgin fito. A ganina wannan tsanani yana da fuska biyu, kuma bai kamata a ɓoye ɗaya ba. Babu shakka labarin matasan da suka rabu da waya suka koma noman shinkafa yana sayar da tikiti a biranen da mutane suka gaji da wayoyinsu. Amma kuma wanda zai yi wata biyu a mota ɗaya da ɗaki ɗaya da mutum goma sha, yana ɗaga katako mai nauyi da safe yana wasa da dare, ba gwanintar hannu kaɗai ake nema a wurinsa ba. Cibiyar Kakinoura tana gwada ko mutum zai zaunu da jama'a cikin gajiya, kuma wannan jarrabawa ce ta matafiyi kafin ta zama ta makaɗi.

Gangunan da suke ɗauka iri biyu ne a ƙira, kuma bambancin yana da tasiri a kan hanya. Akwai waɗanda ake rarake gungumen itace guda, a bar shi ya bushe na shekaru, a shimfiɗa masa fatar saniya, a ja ta da igiyoyi da jak, ma'aikata su hau kanta suna tattakawa har ta miƙe iyakar miƙewa, sannan a kafe ta da manyan ƙusoshi masu faɗin kai. Irin wannan ganga in an kafe ta an gama, babu sauran ɗaurewa ko sassautawa, muryar da yanayi ya ba ta ita za ta yi. A gari mai laima fatar takan saki, sautin ya yi nauyi ya dushe. A zauren da na'urar ɗumama ɗaki ta busar da iskarsa kuwa sai ta ɗaure ta yi kaifi. Makaɗi ba shi da abin yi sai ya sauya hannunsa. Ɗaya nau'in kuma da igiya ake ɗaure shi, kusan yadda tsarkiya take riƙe da fatun kalangu, kuma ƙaramarsu, shime-daiko, ita ce mai tsananin murya da take riƙe wa kowa lokaci. Ɗaure ta aikin mutum biyu ne: su zauna a ƙasa, su tokare ta da ƙafa, ɗaya yana jan igiya da dukan ƙarfin bayansa, ɗaya yana dukan igiyar da guntun itace don ta ƙara shiga, rami bayan rami har a kewayo. Kafin wasa ake yi, bayan wasa a sassauta, a gari na gaba a sake. Mai kallo da ya ga mutum bakwai sun durƙusa a gaban waɗannan ƙananan ganguna suna fitar da sauti siriri kamar yayyafi a kan kwano bai san cewa tafin hannunsu ya riga ya sha igiya tun da rana ba.

Itacen da aka fi daraja shi ne keyaki, mai tauri da kyawun zane, amma samun wanda kaurinsa zai ba da ganga mai faɗin mita ɗaya da wani abu ya yi wuya a Japan, domin irin wannan bishiya sai ta shekara ɗaruruwa. Shi ya sa masassaƙa, irin gidan Asano na lardin Ishikawa da yake wannan sana'a tun 1609, suka juya ga bubinga, wani jan itace mai nauyi da yake fitowa a dazuzzukan Kamaru da Gabon. Shi ma ya sha sara har ya fara ƙaranci, kuma tun 2017 yarjejeniyar CITES, wadda take tsara cinikin namun daji da itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu, ta sa sai da takardar izini ake fitar da gungumensa daga ƙasa zuwa ƙasa. Akwai kuma wani ɓangare na tarihin ganga da ba a cika faɗa a kan dandamali ba. Fiɗa da jima da ɗaurin ganga aiki ne da aka bar wa wasu zuriyoyi da ake kira burakumin, waɗanda aka daɗe ana ƙyama saboda suna taɓa mushe da jini. Gangar da suka ƙera tana shiga wuri mafi tsarki a gari, su kuwa ana nesa-nesa da su. An soke wannan rabe-rabe a doka tun 1871, amma tabonsa bai gama gogewa ba, kuma a unguwar Naniwa ta Osaka, cibiyar wannan sana'a, sai a 1987 matasan unguwar suka kafa ƙungiyar kiɗa tasu, suka sa mata suna Ikari, wato fushi.

Shekarar Kodo kashi uku ce: kashi ɗaya a ƙasashen waje, kashi ɗaya a zagayen Japan, kashi ɗaya a Sado ana gyara da shirya sabon wasa. Tun 1984 suke kiran tafiyarsu ta waje da sunan da ke nufin zagayen duniya ɗaya, kuma suna jingina sunan da wata magana da ake yi cewa a da iyakar ƙauye a Japan ita ce inda ƙarar gangarsa ta daina kaiwa. In haka ne, duk inda aka ji gangar ya shiga ƙauyen. Wasannin da suka yi sun haura 6,500 a ƙasashe fiye da 50. Sun hau dandamalin bikin kyautar zaman lafiya ta Nobel a Oslo a 2001, sun kuma sa hannu a taken gasar cin kofin duniya ta 2002 da Japan da Koriya ta Kudu suka karɓi baƙunci. Waɗannan su ne ranakun da ake ɗaukar hoto, amma yawancin tafiyar ba haka take ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: ganguna sukan riga masu su tashi da makonni, a cikin kwantena ta jirgin ruwa, tare da takardun kwastan da suka lissafa kowane abu don a tabbatar abin da ya shiga ƙasa shi ya fita. In an sauka sai a koma manyan motoci, gari bayan gari. Makaɗan da kansu suke sauke kaya, su harhaɗa keken babbar ganga, su gwada yadda zauren yake amsa sauti, tunda zauren da aka gina don goge da sarewa yakan rikice in ganga ta cika shi. Bayan wasan kusan awa biyu, lokacin da 'yan kallo suke hanyar gida, su kuma suna kwance abin da suka ɗaura suna lodawa.

Dalilin wannan wahala a fili yake. Tsibiri mai mutum 50,000 ba zai iya ciyar da ƙungiyar da, in aka haɗa makaɗa da ma'aikatan ofis da masu koyo, ta kusa mutum 100 ba. Kuɗin yana birane, abin da biranen suke biya su gani kuma a tsibirin ake yin sa. In suka tare a Tokyo sun huta da jirgin fito, amma sun rasa sararin da za su yi ta dukan fata tun safe har dare ba maƙwabcin da zai kai ƙara, sun kuma rasa sunan da ya bambanta su da sauran ƙungiyoyi, irin su Yamato ta Nara da Drum Tao ta Oita, waɗanda su ma suke zaga duniya. Shi ya sa aka raba aikin: kamfanin Kitamaesen, mai sunan tsofaffin jiragen fataucin da suke tsayawa a Ogi, yana kula da harkar wasanni da kuɗi, gidauniyar al'adu da aka kafa a 1997 kuma tana riƙe da koyarwa da hulɗa da mutanen tsibirin. Rauninsa ya bayyana a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe zaurukan duniya, ta katse musu tafiya, ta bar ayari a gida babu inda kuɗi yake shigowa.

Akwai wata tambaya da take bin su duk inda suka je, ita ce ta wane ne kiɗan. Ɗaya daga cikin fitattun wasanninsu daga bikin dare na garin Chichibu aka ɗauko shi, wanda ake yi a farkon Disamba. A can makaɗa suna zaune ne a cikin wani matsattsen ɗaki a ƙasan keken biki, ba mai ganinsu, kuma ƙuncin wurin ne ya sa suke kiɗa a zaune. Da aka fito da shi dandamali sai zaman ya zama abin kallo: makaɗi ya maƙale ganga da ƙafafu, ya kwanta baya rabi, ya yi ta bugu tsokar cikinsa tana rawa. Wani wasan kuma daga tsibirin Miyake yake, inda ake ajiye ganga a ƙasa-ƙasa, a buɗe ƙafa a durƙusa a buge ta daga gefe. Yau dubban masu koyon taiko a Amurka da Turai da Brazil sun san waɗannan kiɗe-kiɗe ta sigar da aka gyara don dandamali, mai sauri da faɗin motsi, har wanda ya je garin asali yana iya jin kamar masu abin ne suka yi kuskure. Ba zan kira wannan sata ba, tunda da izini aka koya kuma ba a ɓoye sunan garuruwan ba, amma ba ƙaramin abu ba ne kwafi ya fi asali suna. Wani lokaci kuma aron yakan buɗe ƙofar da take rufe: a farkon ƙungiyar rawa aka fi bar wa mata, sai Chieko Kojima, wadda ta shigo a 1976 a matsayin mai rawa, ta rungumi salon tsibirin Hachijo, inda mata suka daɗe suna kaɗa ganga, ta mai da shi wasanta.

Ko a cikin gida ba a daina jayayya kan inda aka dosa ba. Daga 2012 zuwa 2016 sun ba fitaccen ɗan wasan Kabuki, Tamasaburo Bando, ragamar tsara wasanninsu, ya kawo taushi da sababbin tufafi da kayan kiɗan da ba na Japan ba, ya rage dogaro da nuna ƙarfi. Wasu tsofaffin masoya suka ce an raba su da Kodon da suka sani. Sai dai wanda ya bi tarihin daga Oguchi zuwa Boston zuwa Paris zai yi wuya ya nuna ranar da kiɗan ya taɓa tsayawa wuri ɗaya har a ce daga nan aka kauce.

Sau ɗaya a shekara tafiyar takan juya. Tun 1988, yawanci a watan Agusta, Kodo suke shirya bikin kwana uku a Ogi, inda duniya take zuwa musu maimakon su je mata. Jiragen fito sukan cika da baƙi, masauki ya yi wuya, wasu su kafa tanti a bakin teku, makaɗan da aka haɗu da su a hanya kuma a gayyato su. Ta irin wannan hulɗa suka yi wasa da Zakir Hussain na Indiya da Doudou N'Diaye Rose na Senegal. Ga garin da matasansa suke tafiya ba sa dawowa, kwana ukun nan kasuwa ce babba.

Abin da ya fi bikin nuna matsayinsu a tsibirin, a wurina, yana faruwa ne ba tare da tikiti ba. Ƙauyuka fiye da 100 a Sado suna da ondeko nasu, kowanne da takunsa da kiɗansa, kuma da yawa suna fama da rashin samarin da za su ɗauki ganga su sa fuskar dodo. A ƙauyukan da ke kewaye da cibiyar koyo, ɗaliban Kodo suna shiga cikin masu yi. Makonni kafin bikin sukan sauko daga tudu da dare, dattawan ƙauye, manoma da masunta, su tsaya a kansu suna gyara musu taku, kuma a nan ba a tambayar yadda ake yi a dandamali, yadda ƙauyen yake yi shi ne daidai. Ranar biki tun da sassafe ake farawa, a bi gida-gida har dare, a kowace ƙofa a yi rawa, masu gida su fito da abinci. Yaron da ya taso a Osaka ko Yokohama, wanda wataƙila baɗi yana Madrid yana sauke kaya daga mota, wataƙila kuma an sallame shi ya koma gida, ranar nan shi ne dodon ƙauyen, yana haki a bayan fuskar katako a ƙofar wata tsohuwa da 'ya'yanta suka daɗe da komawa birni.